Fure a Ingila, Miya a Kirikasamma

Ɗan yayana ya dawo Kirikasamma daga karatu a Ingila da wani ɗan ƙullin irin fure. Wai can Turawa sai sun ajiye irin a firji makonni, don ya zaci hunturu ya wuce, su kankare ɓawonsa, sannan su shuka. Duk wannan wahala don kallo kawai!

Muka ware masa wuri a bayan rumbu. Ya zuba taki, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, safe da yamma yana ban ruwa kamar mai renon jariri. Da ganye ya fito, Inna ta leƙa, ta murza ɗaya a yatsa, ta ji yauƙi, ta ce, "Ai wannan ɗan'uwan kuɓewa ne." Kuma da gaskiyarta: da shi da kuɓewa da rama da yakuwa da lalo duk dangi ɗaya ne. Namu dai ba ruwansu da firji. Lalo ruwan farko kawai yake jira ya fito da kansa a bakin fadama. Yakuwa kuwa zoɓorodonta daga Jigawa har Meziko ake kai shi.

Ran nan ya tafi Haɗeja gyaran waya, don ɗaukar hoton furen idan ya buɗe. Da ya dawo aka ajiye masa tuwon dawa. Ya ci, ya suɗe yatsu.

"Kaka, wace miya ce wannan?"

"Ta Ingila ce, maigida. Sai dai ba ta kai lalo yauƙi ba."

Ƙayar kam ta yi aikinta, domin ko akuya ɗaya ba ta shiga ba.