Masu Taya Mutum Shirin Komawa Mahaifarsa

Duk wanda Allah ya ƙaddara aka binne cibiyarsa a Makka, iyayensa kuwa Hausawa ne daga zuriyar waɗanda suka bi hanyar ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan har suka ƙetare Bahar Maliya, sa'an nan zamani ya juyo da shi Kano yana ƙaramin yaro, to, ranar da ya furta a gaban dangi cewa yana da niyyar ɗaukar iyalinsa su yi umra, su kuma ga unguwar da aka haife shi, a ranar zai san adadin malaman tafiya da Allah ya albarkaci zuriyarsu da su. Ni na furta, na kuwa sani.

Shugabansu, wanda babu saɓani tsakanin dangi a kan cancantarsa, shi ne Kawu, wanda ya baro Hijaz tun Sarki Faisal yana raye, watau kafin 1975, bai kuma sake taka ta ba, amma a wurinsa garin yana nan daram yadda ya ja masa ƙofa ya tafi. Da labari ya iske shi sai ya aiko a kira ni, ya gyara zama a kan buzu, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci, ya jawo wani tsohon katin ɗaurin aure, ya juya bayansa ya shiga zana mini taswira da guntun fensir yana lasar bakinsa. Ya ce, "Ɗana, in ka fito daga Harami ta wajen Misfala, ka riƙe hannun dama, bayan kwana biyu na lungu za ka tarar da wani mutumin Yaman mai dafa ful. Ka ce masa ni na aiko ka, wallahi ba zai karɓi ko ƙirshi guda a hannunka ba." Na tambaya, cikin ladabi, ko mutumin nan yaro ne a lokacin. Ya ce a'a, dattijo ne mai farin gemu, mai mutunci ƙwarai.

Idan ka gaya wa Kawu cewa ganuwar nan ta Turkawa da ke kan dutse a Jiyad an rushe ta tun 2002, kuma a gurbinta ne aka kafa benen agogon da tsawonsa ya haura mita 600, ko ka ce masa unguwar Shamiyya ta shige cikin faɗaɗa masallaci, sai ya girgiza kai da tausayi, ya ce wannan ruwaya ce mai rauni, isnadinta duka yana tuƙewa ne ga yaran da ke kallon waya. Jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2018, wanda ke cinye kilomita 450 na tsakanin Makka da Madina kafin a yi sa'a uku, shi kam ya yarda akwai shi, amma ya yanke hukunci cewa ziyarar da ba a kwana a hanya ba, ba a sha shayi a gahawar Badar ba, ƙura ba ta shiga hanci ba, bai kamata a kira ta ziyara ba, sai dai leƙe. Lissafinsa na guzuri kuwa, riyal goma ya ishi gida guda a yini har a yi sadaka da canji. Larabcinsa yana ƙaruwa gwargwadon yawan masu sauraro, ta yadda in zaure ya cika ba ka jin kome sai "halas" da "mafi mushkila" da "ya shaihu". Da na ce masa, "To Kawu, mu tafi tare mana, ka nuna mana da kanka," sai gwiwarsa ta motsa nan take, ya ce likita ya hana shi hawa sama. Zatona, Allah shi ne masani, ba ya son ya je ya tarar mai ful ya tashi.

Bayansa akwai mai cewa, "Ai kai gida za ka, me za ka yi da biza?" Shi wannan ya ɗauka haihuwa a ƙasar tana ba mutum takardar zama ɗan ƙasa, alhali hukumar can ba ta taɓa yin wannan alkawari ga ɗan baƙo ba, layin da kowa zai bi shi zan bi, da katin rigakafin shawara da na sanƙarau a hannu.

Akwai kuma Yaya, masanin canji, wanda kowace safiya sai ya buga wa 'yan canjin Wapa waya, sa'an nan ya bugo mini ya ce in dakata, riyal na gab da sauka. Riyal dai an ɗaure shi da dala a kan 3.75 tun 1986, ba ya hawa ba ya sauka. Nairarmu ce ke gangarowa, kuma ba ta taɓa jiran mai dakatawa ba.

Gwaggo ba ta da ja a kan kome sai ciki. Ta tabbata, tabbaci na yaƙini, cewa jikokinta za su rame a ƙasar Larabawa, saboda haka ta tanadi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da dambun nama, kowanne a ƙulle cikin leda uku, har jakar da aka ƙayyade mata kilo 23 ta sa allurar sikelin da muka aro ta zagaya ta sake gaishe da sifiri. Na rantse mata cewa a Shara Mansur ana tuƙa tuwo ana gasa tsire tun kafin a haife ni. Ta ce ta ji, amma daddawar can ba ta san hannun kowa ba. A ƙarƙashin zannuwa kuma na tono huhun goro ƙarami, wanda hukumar alhazai ke ta gargaɗi kowace shekara kada a shiga da shi, ta dube ni ido cikin ido ta ce ita ma mamaki take yi yadda ya shiga.

Masu tsaraba ba su da wuyar sha'ani: dabino, bagaruwa, zamzam, tasbaha, jallabiya. Wata ma zare ta kawo mai ƙulli biyu, ma'aunin yatsarta, ba ta kawo kuɗin zoben ba.

Malam na unguwa ya ɗauki al'amarin ta fuskar fiƙihu. Ya buɗe mas'alar ko a Kano za a ɗaura harami, ko sai jirgi ya zo daidai da miƙati, ko ya halatta a jinkirta har Jidda; ya ƙara da wata sabuwa da ya ƙirƙira domina, watau ko wanda aka haifa a Makka ya bar ta yana yaro ana lissafa shi cikin mutanenta. Ya jawo Risala, ya leƙa Muhtasar, ya kawo ƙauli ya warware shi da wani ƙaulin, daga ƙarshe ya bayyana cewa abin da ya fi zama ihtiyaɗi shi ne ayari ya tafi da malami a cikinsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, za a duba."

Akwai kuma wani magidanci da ke tara 'ya'yansa bayan sallar isha yana ba su labarin girman gidan da aka haife shi, da faɗin lungunsu, cikin Larabcin yaro mai roƙon alewa, domin iyakar abin da ya baro ƙasar da shi ke nan, su kuwa yaran babu abin da suke tambaya sai ko za a kai su cin kazar Albaik. Wannan magidanci ya karɓi taswirar Kawu yana dariya a ɓoye, ya shiga ɗaki ya gyara ta da jan biro, domin a saninsa mai ful ɗin a hannun hagu yake. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda kusancin da ke tsakaninmu.

Duk waɗannan ina ƙaunarsu, na kuma yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai zuwa da dare, ana gobe tashi, da ƙunshi a naɗe da salatif ta kowace fuska, ya ce ɗan saƙo ne kawai, magani ne na gargajiya, wani zai tare ka a Jidda ya karɓa, ba sai an buɗe ba. In ka ce a buɗe sai ya ɓata rai, ya kawo maka zancen zumunci da amana, ya tambaye ka ko ka ɗauke shi mugu ne. Shi kuwa ya sani sarai, kamar yadda kowa ya sani, cewa hukuncin shigar da miyagun ƙwayoyi a ƙasar can yana kaiwa ga kisa, kuma jami'in da ya zare ƙunshin daga jakar matarka ko ta ɗiyarka ba zai tambayi wanda ya naɗe shi a Kano ba. Mutumin da zai ɗora wa mace da yara wannan kasada don ya huta da kuɗin aike, sa'an nan ya yi fushi don an nemi ganin abin da za a ɗauka, bai cancanci a yi masa kara ba.

Saboda haka ina sanar da dangi da maƙwabta baki ɗaya: mai saƙo ya zo da rana, ya buɗe shi da hannunsa a zaurena gaban shaidu biyu, in ba haka ba ya koma da abinsa.