Kifin da ke son a ƙyale shi

A Tasawa da Mayahi duk dabbar da ta shigo gida sai ta faɗi aikinta. Akuya kuɗin magani ce, rago na jiran layya, jaki na ɗauko kaba daga Gulbin Kaba, kaza kuwa ranta na hannun baƙo. Shi ya sa da wani saurayi a unguwarmu ya dawo daga karatu a Yamai ya ce zai yi kiwon kifin kallo a akwatin gilashi, jama'a suka tashi tsaye don taimaka masa, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Kifin da ya zaɓa Turawa na ce masa killifish. Bai kai tsawon yatsa ba, namijin kuwa ado gare shi, ja da shuɗi. Mazauninsa kududdufan damina. Kafin ruwa ya ƙafe sai ya binne ƙwansa a laka ya mutu, ƙwan ya yi barcinsa har rani ya wuce. Wani irinsa daga dajin Gonarezhou na Zimbabuwe yakan balaga cikin kusan mako biyu, ya tsufa ya mutu cikin ƴan watanni, har masana a birnin Jena na Jamus suke nazarin tsufa da shi. Ba kuma baƙo ba ne a ƙasar Hausa: a 1928 aka rubuta sunan wani ɗan uwansa da aka kamo a kogin Kiyawa, wajen Katagum.

Masu kiwonsa ba kifi suke aika wa juna ba, ƙwai suke aikawa cikin ƴar ƙasa mai danshi a ƙulle a leda. Umarnin ɗaya ne: ajiye a inuwa, kada ka taɓa, sai bayan wata biyu ko uku. To, a nan aka samu matsala. Wane ƙulli ne zai yi wata uku a gidan Bahaushe ba a kwance shi ba?

Da saurayin ya samu tasa ledar, innarsa ce ta fara gano ta a bayan randa. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce, “Ɗan nan, wa ya ba ka wannan? Gaya mini gaskiya, tun kafin Babanka ya ji.” Da ya ce kifi ne a ciki, sai ta yi salati ta tura a kira malam, don a ganinta an gama da yaron a birni. Kawunsa, wanda ya taɓa tono gaiwa da ranta daga busasshiyar laka, shi ya sa baki ya ce abin zai yiwu. Sai dai shi ma ya ƙara da cewa a yayyafa wa ƙullin ruwa safe da yamma, don bai taɓa ganin abin da ke rayuwa da ƙishirwa ba.

A fada kuwa, kafin shayi na biyu ya sauka, kowa ya zama Sarkin Ruwa. Wanda bai taɓa ganin tafkin Madarumfa ba ya ce a sa kanwa. Mai cajin waya ya ce ya gani a TikTok ana saka su a firiji. Abin mamaki, mutanen nan manoma ne da suka san binne: a shuka hatsi a busasshiyar ƙasa a koma gida a jira sama. Ƙwan ma haka yake, har ya fi mu wayo, don ba duka ke ƙyanƙyashewa a jiƙon farko ba. Wasu sukan noƙe, ko da ruwan na yaudara ne, sai an sake busar da ƙasar an sake jiƙawa. Amma haƙurin da muke yi wa gonarmu ba ma yi wa kayan maƙwabci.

Ranar da saurayin ya zuba wa ƙwan ruwa, cikin ƴan sa'o'i ƴan mitsi-mitsin abubuwa suka fara iyo. Gida ya cika. Duk wanda ya leƙa sai ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, sannan ya yi tambayar nan guda: “Yaushe za su isa suya?” Kifin abinci mai motsi yake so, irin tsutsar sauro, amma wata gwaggo ta tausaya masa ta gutsura masa fura. Washegari ruwan ya yi fari, rabi suka juya ciki sama. Gwaggo ta ce baki ne.

Sauran suka girma, suka zuba ƙwai, suka tsufa suka mutu kamar yadda aka halicce su. Babu wanda ya yarda ajali ne. Aka yi ta ƙidayar waɗanda suka yaba kifin ba su ce tubarkalla ba, har wasu mata biyu suka daina gaisawa.

Sai labari ya fita cewa a Turai da Amurka kuɗi ake biya a sayi wannan ƙullin ƙasa. Maƙwabcin da ya fi kowa dariya ya yi sallama bayan isha'i, da leda a aljihu. Ya rage murya ya ce, “Ɗana, ɗibar mini kaɗan, kada kowa ya ji. Amma ka zaɓo mini masu sauri, zuwa jibi nake son su fashe.”