Bayani a Kan Hukuncin Tsohuwar Mota Idan Ta Yi Karo

Ka sani, ya kai mai karatu, masana harkar mota na Garbadu sun haɗu a kan cewa Golf ba ta mutuwa, sai dai ta suma. Wadda za mu ɗora bincikenmu a kanta ƙirar 1994 ce, wato ta girmi Jihar Zamfara da shekara biyu. Ta gama aikinta a Jamus, ta yi ritaya, sannan aka kawo ta nan ta soma aiki na gaskiya: mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, buhun shinkafar Bakolori uku a but. Wata ranar Talata tana kan hanyar kasuwar Mafara, a-kori-kurar da ke gabanta ta tsaya cak. Birkin Golf bai samu labari da wuri ba.

Matakin farko a wannan ilimi shi ne taro. Kafin ruwan lagireto ya gama tsiyayewa, an samu shaidu talatin, cikinsu har da waɗanda suka iso daga baya. Kowa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya kiyaye gaba. Wannan ita ce diyya ta farko, kuma ita kaɗai ake biya nan take.

Sai mas'alar inshora, inda ɗalibai da yawa ke zamewa. Takardar da ke cikin fatikula sunanta inshorar mutum na uku. Dokar da ta fara wajabta ta tun 1945 aka kafa ta, zamanin Turawa. Hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin takardar daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Mai Golf da ya ji miliyan uku sai ya gyara hula. A nan ake buƙatar lissafi: mutum na ɗaya kai ne, na biyu kamfani, na uku kuwa wanda ka buge. Ke nan shekara da shekaru mutuminmu yana yi wa mai a-kori-kura tanadi bai san shi ba. Mai a-kori-kurar kuwa abin da ya rasa fitilar baya guda ce, wadda rabonta da kamawa tun damina biyu da suka wuce.

Wani ɗalibi ya duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID ta wayarsa, aka tarar takardar ta gaske ce. Wannan ya ba jama'a mamaki fiye da karon.

Akwai inshora mai ɗaukar har motarka, akwai kuma takaful ga mai gudun shubuha. Amma ƙa'idarsu ita ce a mayar da kai yadda kake kafin haɗari, ba ƙari. Ga motar da ta haura shekara talatin, wannan barazana ce. Ga kuma sharuɗɗa: sanar da kamfani da wuri, rahoton 'yan sanda, hotuna, lasin direba, da ƙiyasin gyara a rubuce. Ƙiyasin fanalbita kuwa ba a rubuta shi. Zagaya motar yake yi sau biyu, ya ja numfashi, ya ce: "Alhaji, wagga ta ji jiki."

A nan ne ilimin yake da zurfi. Na tsaya na ga aikin da idona. Fanalbita ya ɗaura sarƙa a shasi, ya zagaya ɗayan bakin a gindin dogon yaro, ya sa yaronsa ya ja motar da baya a hankali har ƙarfe ya yi ƙara ya miƙe. Awon da ya yi shi ne ya rufe ido ɗaya. Daga nan wuta, guduma, sai fila. Masana sun kasu biyu a kan fila. Wasu sun ce a shafa gwargwadon lotsawa. Wasu sun ce mota duk ta zama fila ma ba laifi, muddin fenti ya rufa asiri. Mai saye yana gane mabiyan ra'ayi na biyu ta hanyar ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa: ƙarfe yana amsawa, fila kuwa shiru, kamar wanda ake bi bashi.

Bamba da fitila an aiko su daga Ƙofar Ruwa a Kano, 'yan Beljiyam, wato sassan wata Golf da ta riga tamu cikawa. Direban da ya kawo su ya rantse asali ne. Fentin ya fito kore, amma ba koren sauran jikin ba, abin da mai fenti ya danganta ga rana.

Batun mai a-kori-kura an kashe shi a tasha, gaban shugaban direbobi, da kuɗin fitila da goro. Ba a sanar da kamfani ba, don kada a ɗaga masa hankali. Ranar da aka karɓo motar, mai ita ya ja ƙofar direba daga ciki ta ƙi buɗewa, sai da ya zura hannu ta taga ya buɗe ta waje. Ya dubi fanalbita, fanalbita ya ce: "Ai haka ka kawo ta, Alhaji. Ban taɓa maka ita ba."