Kai Mai Latsa ZIP, Zo Mu Yi Ta

Na gan ka ai. Ka shiga GitHub, ka hango koren maɓallin nan, ka sauko da ZIP, ka kwance ƙunshin, kana ta hura hanci wai ka samo tushen manhaja. Sannu da aiki, injiniya!

Ka ce me ya rage, ba duk fayilolin sun zo ba? Sun zo mana. Hoton amarya aka miƙo maka, ita tana can gidansu. ZIP yana ba ka aikin ne yadda yake a daidai lokacin da ka latsa, shi ke nan. Wanda ya rubuta git clone ya liƙa adireshin ma'ajiyar kuwa, ya kwaso har da wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .git, inda tarihin kowane gyara yake kwance: wa ya yi, yaushe, da abin da ya ce dalilinsa ne. Akwai ma git blame, wanda ke nuna maka wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Tonon silili ke nan da izinin hukuma.

Ka ce baƙin allon nan da ake rubuta umarni na 'yan kutse ne? Haba malam! Kalma biyu ce fa da adireshi. Kai da ka haddace lambobin aron katin waya kaf, wannan ne zai gagare ka?

Sai ka ce data fa? To, nan ka ɗan taɓa gaskiya, amma kada ka saba. Tarihin Linux ya haura gyara miliyan ɗaya, kwaso shi duka sai an zubar da gigabait da dama. Ƙara --depth 1 a umarnin, sai ya kawo maka na baya-bayan nan kawai. Kuma mu haɗu mako mai zuwa, bayan masu aikin sun gyara layi goma. Maƙwabcinka zai rubuta git pull, abin da ya canza kaɗai ya sauko, kafin shayinsa ya huce. Kai kuma ka sake jido ƙunshin gaba ɗaya, ka raɗa masa suna "sabo". Na gaba "sabo na gaske". Na bayansa "na ƙarshe wallahi".

Au, wai Git da GitHub duk ɗaya ne? Subhanallahi! Linus Torvalds, ɗan Finlan, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, da aka janye wa masu aikin Linux damar amfani da manhajar BitKeeper kyauta. GitHub sai 2008 ya zo, rumfa ce kawai a kasuwar, wadda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5. Git kam har gobe kyauta ne.

Sunan Git ɗin ma, a bakin mutanen Ingila, yana nufin mutum mai ban haushi. Ban ce da kai nake ba. Je ka dai duba jakarka, ka faɗa mini cikin ƙunshi ukun nan wanne ne na ƙarshen.