Masu Zuwa Kallon Rokar Gora a Ƙasar Yawuri

Rokar 'yan makaranta ba ta da wuyar haɗawa. Gorar lemo ta roba, ruwa kashi ɗaya cikin uku, fikafikan kwali, toshiya mai bawul ɗin keke, sai famfo. A yi ta buga iska har toshiyar ta gaza, ruwa ya feso ta ƙasa, gora ta yi sama. Dokar Newton ta uku ke nan, wadda ya wallafa tun 1687. Wahalar tana wajen jama'ar da ke taruwa, kuma daga Yelwa zuwa Wara har Shanga, su ɗin ne dai.

Na farko shugaban ƙungiyar kimiyya ta makaranta, wato JETS. Bai yanka kwali ba, bai taɓa salatif ba, amma shi ya raɗa wa rokar suna, shi kuma zai ƙirga daga goma zuwa ɗaya da Turancin hanci. Ya haddace cewa an kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, an harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne daga Plesetsk ta Rasha aka harba shi, a kan rokar mutane. A ganinsa wannan giɓin gorarsa ta zo cikewa.

Sai mai famfo, wanda aka zaɓa saboda damtse. Duk ruwan da rokar ta zubar a kansa yake ƙarewa, a hoto kuwa ƙeyarsa kawai ake gani.

Malamin kimiyya abin tausayi ne, domin da kuɗin aljihunsa ya sayi salatif. Tun daga gida ya taho da bayani uku. In ta tashi, kimiyya ce. In ta kife, iskar tafkin Kainji ce. In ta fashe, gorar jabu ce.

Akwai mai facin bakin tasha, wanda aka je aron bawul wurinsa, ya rufe rumfa ya biyo kayansa. Bai san Newton ba, amma yana matsa gorar da yatsa zai ce, "Malam, wuyan nan yana yoyo." Malam ya kawo lissafi, shi kuwa ya shafa yawu a wurin, kumfa ta taso, gardama ta ƙare. Aibinsa ɗaya: ya yi imani duk matsalar duniya ƙarancin iska ce. In ba a riƙe shi ba, injin buga tayar tirela zai jawo.

Dattijon da ke zaune a gindin bishiya ya ga 1968 da idonsa, lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye tsibirai aka tashi garuruwa. Tun daga nan duk abin da 'yan boko suka kira ci gaba, sai ya fara tambayar inda zai sauka. "Yara, in ta tafi, a gonar wa za ta faɗo? Ni dai albasata ba ta yi ƙwari ba." A ce masa, "Baba, ai Amurkawa sun taka wata tun 1969." Ya ce madalla, amma har yau daga fadar Sarkin Musulmi yake jiran labarin watan azumi.

Mai waya ya zo tun safe don Facebook. Daidai lokacin tashi aka kira shi.

Basarke mai su ba ya shiga taro. Yana can cikin kwalekwale, kuma tun kafin a fara ƙirge ya tsaya daidai inda za ta faɗa, don ya fi kowa sanin iskar wurin. Tana taɓa ruwa ya yi mata tuƙin ranar gasar kwalekwale ta Rigata. A wurinsa ba roka ba ce, gora ce mai kyau da za ta riƙe masa taru a saman ruwa, sai an yi ciniki kafin ya mayar.

Wadda ta sa abin ya tashi tana gefe da littafi da biro. Ita ta gano cewa in ruwa ya yi yawa gorar ta yi nauyi, in ya yi kaɗan ba abin da zai tura ta. Ita ta manna laka a hancin rokar don kada ta yi ta tungure, ta kuma ce a karkata ta digiri 45 in nisa ake so. Babban baƙo zai iso bayan an gama, ya miƙa wa shugaban ƙungiya hannu, ya tambaye ta ko ita ce mai raba ruwan sha.

Saura ɗan gidan maharba, mai raɗa wa yara cewa ruwa wasa ne, a zuba albarushi ko kan ashana a ga aiki. Shi kaɗai a cikinsu ba abin dariya ba ne, domin shawararsa yatsu take ci. Malamai, in kun ji shi ku ba shi famfo ya buga har ya gaji, ku kuma ja sauran jama'a baya sosai kafin a fara ƙirge.