Masu Ɗaura Fanka a Lagireton Kwamfuta, Kowa da Irin Tasa

Ruwan da ke zagayawa cikin kwamfuta ba ya kashe zafi, dakonsa kawai yake yi. Famfo ya tura shi ta kan furosesa, ya kwaso zafin, ya bi tiyo zuwa lagireto, a can iska ta karɓa ta yi waje da shi. Duk direban tarotaro da ya taɓa maƙalewa a cunkoson babban titin Nima a Accra da rana tsaka ya haddace wannan karatun, domin lagireto cike da ruwa ba ya hana mota tafasa idan fanka ta mutu. Amma da yawa cikin samarin Nima da Maamobi da ke sayo kayan haɗa kwamfutar wasa ko ta tace bidiyo a Tip Toe Lane, can Circle, ruwan suke girmamawa, fanka kuwa yaron gida suka ɗauke ta. Wannan rainin ne ya haifi mutanen da za a lissafa.

Babbansu shi ne Mai Ƙarfin Hannu. Kwalin kayan kan zo da sukurori iri biyu: dogaye masu kimanin milimita 30, waɗanda za su ratsa fanka mai kaurin milimita 25 su kama lagireto, da gajeru na manne lagireton a jikin akwati. Shi a wurinsa dogo ya fi amana a ko'ina, kuma sukurun da bai yi kuka ba bai ɗauru ba. Sai ya zura dogon a gurbin gajere, yana murɗawa yana cije leɓe, har tsinin ya huda siririn bututun da ruwa ke bi. Ɗigon farko na sauka a kan katin hoto, zai girgiza kai ya ce kayan zamani ba su da ƙarko. Ba a taɓa jin ya zargi hannunsa ba.

Bayansa akwai Mai Ado. Fanka tana shaƙar iska ta buɗaɗɗiyar fuskarta, ta fitar ta ƙeya inda sandunan da ke riƙe injinta suke, kuma da yawa an zana musu 'yan kibau a gefe don kada kowa ya ɓata. Mai Ado ba ya duba kibiya. Abin da ya dame shi shi ne wane ɓangare fitilun za su fi haskawa ta gilashi idan abokai sun baro bes, majalisar hirarsu, da atayarsu sun zo kallo. Ta haka ake samun fanka ta gaba na turawa, ta baya ma na turowa, zafi ya samu wuri a tsakiya ya miƙe ƙafa. Injin yana ja, yana kore, yana shuɗi, yana kuma dahuwa. Ɗan'uwansa Mai Waya ba shi da wannan fariyar: sukurorin sun ɓace tun ranar farko, ya ɗaure fankar da wayar roba, ya bar giɓi, iska kuwa malalaciya ce, ba ta kutsawa cikin matsattsun haƙoran lagireto alhali ga hanya a gefe. Shi kuma Mai Ruwa-Ruwa-Ne piya wata yake ɗurawa, ya jira gansakuka da tsatsa.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne Malamin YouTube, don yana da hujja. Ya ga wani Bature a Kanada ya samu digiri kaza da irin kayansa, shi ma dole ya samu. Ya manta Baturen a ɗaki mai sanyi ya yi awonsa, shi kuwa yana Accra, inda zafin watan Maris ke haura digiri 30, a ƙarƙashin kwano, da taga ɗaya. Lagireto ba zai iya sanyaya ruwa ƙasa da iskar ɗakin da yake shaƙa ba. Sai malam ya ƙaro fankoki gaba da baya, ya ci ribar 'yan digiri, maƙwabta su ci ƙara.

Za a ce ai a garin zafi ruwa ne magani. Yana taimakawa, musamman ga injin da ke kwana yana aiki, amma zafin da ya kwaso cikin ɗakin nan yake zubar da shi, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na toshe haƙoran lagireto har iska ta rasa mashiga. Za a kuma ce bai kamata a yi wa yaran da suka koya wa kansu sana'a dariya ba. Gaskiya ne sun cancanci yabo, sai dai kayan nan daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, mai saye kuwa sidi ke aljihunsa, don haka sukuru ɗaya na iya cinye ajiyar watanni.

Masta, kafin ka murɗa, gwada tsawon sukurun, duba kibiyar, ka tanadi burushi. In ka san ba za ka riƙa share ƙura ba, sayi fankar furosesa ta gargajiya, ka bar wa masu koko ruwa.