Wa Ya Fita Daga Tukunyar Sabulu?

Na san halinku, mutanen Tafoki. Da an ambaci kimiyyar sinadarai sai a taɓe baki: "Malam, wannan ai ta 'yan jami'ar Dutsin-Ma ce, ina ruwan manomin masara?" To, ku leƙa wajen iyayenmu mata masu dafa sabulun salo. Tambayar nan da ke sa ɗalibi zufa a jarrabawa, "an haɗa kaza da kaza, me ya fito?", a tukunyarsu take tafasa.

Ruwan toka ya shiga, mai ya shiga. Me ya fito?

"Sabulu mana!" Rabin maki, Alhaji. Abu biyu ne suka fito, ɗaya kawai ka gani.

Kowace ƙwayar mai, na gyaɗa ne ko na kaɗanya, gilisarin ce riƙe da dogayen sarƙoƙi uku. A ruwan toka kuwa akwai haidoroksaid, mai rarar ilektoron, kullum yana farautar kabon da ke da ƙarancinsu. Shigarsa irin ta amarya ce: ta tare, a ɗan cushe tare da uwargida a ɗaki guda, can sai uwargida ta ɗaure kayanta. Sau uku ake wannan tarewa a ƙwaya ɗaya. Sarƙoƙin su zama sabulu, gilisarin ta fita zawarci.

Ga wani can yana cewa, "Kai ka gan su da idonka?" Ban gani ba, baaba, amma tashi ka gwada. Kaɗa sabulun a ruwa har ya yi kumfa, ka matsa lemun tsami. Kumfa za ta kwanta, wani farin maiƙo ya taso. Kada ka yi saurin cewa manka ne ya dawo. Kwashe shi ka zuba a ruwan toka: nan da nan zai narke, alhali mai na ainihi sai an sha wuya ana dafawa ana juyawa. Ashe wani abu ne dabam. Haka ake kama baƙon sinadari ko a ɗakin gwaji: a tsokane shi, a ga yadda zai rama.

Turawan ma sun jima suna lalube. Scheele, mai haɗa magani a Suwidin, ya samo gilisarin a 1779, ya ji zaƙi-zaƙi, bai san matsayinta a cikin mai ba. Sai Chevreul na Faransa ya warware zancen a littafinsa na 1823. Gardama ta koma kan ta ina sarƙar ke tsinkewa daga jikin gilisarin, har 1934, lokacin da Polanyi da Szabo suka yi dabara a Manchesta: suka sa ruwa mai oksijin mai nauyi, suka bi sawunsa. Ba a same shi jikin wadda ta fita ba. Wato da oksijin ɗinta ta tafi, ba ta ari na kowa ba.

Hajiya na tambaya, to ina gilisarin ɗin take? Tana cikin sabulunki, shi ya sa ba ya busar da fata sosai. Manyan masana'antu kuwa gishiri suke zubawa, sabulu ya taso sama, su tsame gilisarin daga ruwan ƙasa. Idan hunturu ya kama, ƙafa ta fara faso, su sayar wa Alhaji ita a kwalba, bayan ya riga ya biya kuɗin sabulun.